Rabuwa Uku: Iyalan Yahudawa a Faransa, 1942 zuwa 1953

A shekarar 1940 akwai Yahudawa fiye da 300,000 a ƙasar Faransa. Daga watan Maris na 1942 zuwa watan Agusta na 1944 an loda kimanin 76,000 daga cikinsu a taragun jirgin ƙasa, aka kai su sansanonin kisa na 'yan Nazi, yawancinsu Auschwitz a ƙasar Polan. Yara a cikinsu sun kai 11,400. Waɗanda suka dawo da rai ba su kai 4,000 ba.

Alƙaluma masu yawa irin waɗannan sukan wuce ta kunnen mutum ba tare da sun taɓa zuciyarsa ba. Saboda haka a wannan darasi za mu shiga tarihin ta ƙofar gida, mu ga abin da ya sami iyaye da 'ya'yansu. Za mu duba rabuwa iri uku. Ta farko hukuma ce ta yi ta da ƙarfin bindiga. Ta biyu iyaye ne suka yarda da ita da hannunsu domin 'ya'yansu su rayu. Ta uku ta faru ne bayan yaƙi, a hannun wadda ta ceci yaran. Ikkilisiya tana cikin dukan ukun, kuma ba wuri ɗaya ta tsaya a kowanne ba.

Yadda aka share fage

Jamus ta ci Faransa da yaƙi a watan Yuni na 1940. Aka raba ƙasar biyu. Sojojin Jamus suka mamaye arewa har da birnin Faris, kudu kuwa ta zauna a hannun sabuwar gwamnatin Faransa mai zama a garin Vichy, ƙarƙashin tsohon soja Marshal Pétain. Wannan gwamnati ce ta riƙe Nijar da sauran ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma har zuwa ƙarshen 1942. Takenta kalmomi uku ne: aiki, iyali, ƙasar haihuwa. Ta yi alkawarin maido da tarbiyya da darajar aure, shi ya sa shugabannin ikkilisiya da yawa, musamman na Katolika, suka karɓe ta hannu bibbiyu.

Ran 3 ga Oktoba 1940 gwamnatin Vichy ta kafa dokar da ta fitar da Yahudawa daga aikin gwamnati, da koyarwa, da aikin jarida. Jamus ba ta tilasta mata wannan doka ba. Bishop-bishop na Katolika ba su ce uffan a fili ba. Shugaban Furotesta na Faransa, Fasto Marc Boegner, ya rubuta wa babban malamin Yahudawa wasiƙar jaje a watan Maris na 1941, amma irin wannan murya ba ta da yawa a lokacin.

A arewa kuma Jamusawa suka ba da umurni kowane Bayahude ya je ofishin 'yan sanda a rubuta sunansa. Mutane masu bin doka suka je da ƙafafunsu, kusan 150,000 a Faris da kewaye. Ma'aikata suka jera katuna bisa ga suna, da unguwa, da sana'a, da ƙasar asali. A watan Mayu na 1941 aka aika wa maza baƙi takardar kira, wai za a duba takardunsu. Kimanin 3,700 suka amsa, aka tsare su. Daga 7 ga Yuni 1942 kowane Bayahude a arewa, daga ɗan shekara shida zuwa sama, dole ya ɗinka tauraro mai launin rawaya a ƙirjin rigarsa. Kafin a taɓa ko yaro ɗaya, an riga an san sunansa, da lambar gidansu, da bene na nawa yake kwana.

Rabuwa ta farko: Faris da Pithiviers

A farkon Yuli 1942 shugaban 'yan sandan Vichy, René Bousquet, ya yi yarjejeniya da Jamusawa cewa 'yan sandan Faransa ne za su kama Yahudawa baƙi, wato waɗanda suka zo daga Polan, Jamus, Ostiriya, Rasha da sauransu. Jamusawa ba su nemi ƙananan yara a wannan karo ba. Shugaban gwamnati Pierre Laval ne ya kawo shawarar a haɗa da yara 'yan ƙasa da shekara 16. Ya gaya wa majalisar ministocinsa cewa don tausayi ya yi haka, kada a raba iyali.

Da asubar 16 ga Yuli, 'yan sanda kimanin 4,500 suka bazu cikin Faris da katunan nan a hannu. Jita-jita ta riga ta zaga, amma mutane sun ɗauka maza kaɗai za a kama kamar bara. Maza da yawa suka kwana a ɓoye, suka bar mata da yara a gida. Da aka gama ƙirga, waɗanda aka kama sun kai 13,152: maza 3,118, mata 5,919, yara 4,115. Da yawa cikin yaran a Faransa aka haife su, 'yan ƙasa ne bisa doka.

Marasa 'ya'ya aka kai su sansanin Drancy a bayan gari. Masu iyali, mutum fiye da 8,000, aka zuba su cikin wani rufaffen filin tseren keke da ake kira Vélodrome d'Hiver. Sun yi kwanaki a kan kujerun 'yan kallo cikin zafin bazara, ruwa bai isa ba, makewayi kaɗan ne, su ma suka toshe. Daga nan aka kwashe su zuwa sansanoni biyu a kudu da Faris, Pithiviers da Beaune-la-Rolande.

A nan ne aka yi abin da waɗanda suka gani ba su taɓa mantawa ba. An riga an tsara ranakun tashin jirage, amma izinin kwashe yara bai iso daga Berlin ba. Hukuma ba ta yarda jirgi ya tashi da sauran wuri ba. Sai aka yanke shawarar a tura iyaye tukuna. Daga 31 ga Yuli zuwa 7 ga Agusta jirage huɗu suka tafi Auschwitz da iyaye da manyan 'ya'yansu. Jandarmomin Faransa suka ɓamɓare yara daga jikin iyayensu mata da gindin bindiga. Aka ce wa matan 'ya'yansu za su biyo su ba da daɗewa ba. Yara kimanin 3,000 suka rage a kan ciyawar kwanciya, waɗansu ba su fi shekara biyu ba, 'yan shekara goma suna goyon ƙannensu. Wata likita 'yar fasto, Adélaïde Hautval, wadda aka tsare a wurin saboda ta tsaya wa Yahudawa, tana cikin waɗanda suka yi jinyarsu. Ita ma daga baya aka kai ta Auschwitz, ta ƙi sa hannu a gwaje-gwajen da likitocin Nazi suke yi a jikin fursunoni, ta kuma rayu ta ba da shaida.

Izini ya iso a tsakiyar Agusta. Aka kai yaran Drancy. Waɗansu ƙanana ba su san sunan mahaifinsu ba, don haka aka rubuta su a takarda yadda aka ga dama. Daga 17 ga Agusta aka fara loda su, ana gauraya su da manyan da ba su taɓa gani ba, domin wanda ya hango jirgin ya ɗauka iyalai ne suke tafiya tare. Ƙananan yaran, da isarsu Auschwitz aka kashe su da iskar guba.

Ɗalibi ya lura da abu ɗaya a nan. Gwamnatin da ta sa iyali cikin takenta ita ce ta yi wannan aiki, kuma da sunan tausayi ta yi shi. Waɗanda suka aikata ba baƙi ba ne. 'Yan sanda ne, da direbobin bas, da magatakarda, da ma'aikatan jirgin ƙasa, kuma yawancinsu an yi musu baftisma tun suna jarirai.

Sa'ad da mumbari ya yi magana

Ran 22 ga Yuli manyan bishop-bishop na arewa suka aika wa Pétain wasiƙar koke ta hannun Kadinal Suhard na Faris. Ba a karanta ta a coci ba, jama'a ba su ji ta ba. Fasto Boegner ma ya rubuta wa Pétain ran 20 ga Agusta.

A wannan watan kamun ya sauko kudu, inda babu sojan Jamus ko ɗaya. Gwamnatin Vichy ta miƙa Yahudawa baƙi kimanin 10,000 daga yankinta. Labarin yadda ake loda mutane a sansanonin Noé da Récébédou ya kai kunnen Babban Bishop na Toulouse, Jules Saliège, tsoho mai shanyewar jiki wanda magana ma da ƙyar take fita daga bakinsa. Ya rubuta gajeriyar wasiƙa, ya ba da umurni a karanta ta a dukan cocin yankinsa ran Lahadi 23 ga Agusta. A ciki ya yi tir da yadda ake kora mutane kamar garken dabbobi, ana raba 'yan gida ɗaya, ana tura su inda ba wanda ya sani. Ya ce Yahudawa maza ne da mata kamar kowa, 'yan'uwanmu ne, kuma Kirista ba shi da izinin manta wannan. Gwamnan yankin ya yi ƙoƙarin hana karanta ta, amma limamai da yawa suka karanta. Mutane suka kwafe ta da hannu, ta zaga ƙasar, har gidan rediyon BBC ya watsa ta daga Landan.

Bishop Théas na Montauban ya bi sahu bayan mako ɗaya. Da yake ba a amince da gidan waya ba, wata ma'aikaciyar ikkilisiya, Marie-Rose Gineste, ta hau keke ta raba wasiƙar coci-coci. Kadinal Gerlier na Lyon ya yi tasa ran 6 ga Satumba. Ikkilisiyar Furotesta ta sa aka karanta nata saƙon a kan mumbari ran 4 ga Oktoba. Boegner ya je gaban Laval da kansa ya roƙa a bar yaran a hannun iyalan Faransa, Laval ya ƙi.

Bishop-bishop da suka yi magana a fili ba su wuce shida ba, kuma ga yaran Pithiviers maganar ta zama ihu bayan hari. Duk da haka ta yi aiki. Ran 2 ga Satumba Laval ya gaya wa Jamusawa cewa yana fuskantar turjiya daga ikkilisiya, ya roƙa kada a ƙara yanka masa adadin da zai cika. An kwashe kimanin 42,000 a 1942, a 1943 kuwa kimanin 17,000. Dalilan raguwar suna da yawa, har da yadda yaƙin ya fara juya wa Jamus baya, amma masanin tarihi Serge Klarsfeld, wanda mahaifinsa ya mutu a Auschwitz, ya sa muryar ikkilisiya da fushin talakawa cikin manyan dalilan. Wasiƙar da aka rufe a ambulan ta tsaya a teburin shugaba. Wadda aka karanta ran Lahadi ta buɗe ƙofofin gidaje, da makarantu, da gidajen sista.

Rabuwa ta biyu: daren Vénissieux

Ran 26 ga Agusta 1942 aka kama Yahudawa baƙi fiye da 1,000 a yankin Lyon, aka tara su a wani barikin soja a Vénissieux. Wata ƙungiyar Katolika da Furotesta mai suna Amitié chrétienne, wato zumuncin Kirista, tare da ƙungiyar Yahudawa mai kula da yara, OSE, da ƙungiyar Furotesta ta Cimade, suka sami shiga barikin a matsayin masu taya hukuma tantance mutane. Cikin jagororinsu akwai Fada Alexandre Glasberg, wanda shi kansa haifaffen gidan Yahudawa ne, da Fada Pierre Chaillet.

Sun ga wata kafa a cikin ƙa'idar: yaron da ba ya hannun iyaye ba a tafiya da shi. Ma'ana, sai uba da uwa sun sa hannu a takarda cewa sun sallama ikonsu a kan ɗansu ga ƙungiyar. A daren 28 ga Agusta ma'aikatan suka bi ɗaki-ɗaki suna roƙon iyaye su ba da 'ya'yansu ga mutanen da ba su sani ba. Ba su da hujjar da za su nuna, sai dai su ce su amince. Waɗansu iyaye suka ƙi, suka rungume 'ya'yansu. Waɗansu suka sa hannu. Kafin gari ya waye an fitar da yara 108. Mutum 545 aka miƙa wa Jamusawa, aka bi da su ta Drancy zuwa Auschwitz.

Da gwamnan Lyon ya gane abin da ya faru, ya ce a dawo masa da yaran. Kadinal Gerlier ya ƙi. Aka watsa yaran cikin gidaje da makarantu da sababbin sunaye. Hukuma ta huce fushinta a kan Fada Chaillet, ta tsare shi. Kusan dukan yaran sun rayu, amma kaɗan ne ƙwarai suka sake ganin iyayensu.

Daga wannan dare OSE ta gane cewa tara yara wuri ɗaya haɗari ne. Georges Garel, wanda yana cikin masu aikin Vénissieux, ya kafa hanyar ɓoye yara ɗai-ɗai a gidajen manoma da makarantun ikkilisiya, kuma Saliège ya ba shi takardar gabatarwa. Yara fiye da 1,000 suka tsira ta wannan hanya. An riƙa ajiye sunayensu na ainihi a asirce, domin ranar da wani nasu zai zo nema. A ƙauyen Le Chambon-sur-Lignon da kewayensa, Fasto André Trocmé da matarsa Magda da manoman Furotesta suka cika gidajensu da 'yan gudun hijira. Ɗan'uwansa Daniel Trocmé, da aka kama tare da ɗaliban da yake riƙo a watan Yuni na 1943, ya mutu a sansanin Majdanek. Haɗarin bai ragu ba har ƙarshe: ran 6 ga Afrilu 1944 'yan sandan asirin Jamus suka kwashe yara 44 da manya 7 daga gidan yara na Izieu.

Rabuwa ta uku: 'ya'yan Finaly

Da yaƙi ya ƙare a 1945, waɗanda suka tsira daga sansanoni aka riƙa saukar da su a otal ɗin Lutetia a Faris. Mutane suka yi ta tsayuwa a ƙofa da hotuna a hannu suna tambaya ko wani ya ga nasu. Dangi da ƙungiyoyin Yahudawa suka bi ƙauyuka suna neman yaran da aka ɓoye. Yawancin Kiristocin da suka riƙe yara sun mayar da su, ko da yake da hawaye. Akwai inda ba a yi haka ba, kuma shari'ar da ta fi shahara ita ce ta 'ya'yan Finaly.

Likita Fritz Finaly da matarsa Anni Yahudawa ne da suka gudo daga Ostiriya suka zauna kusa da Grenoble. Sun haifi Robert a 1941, da Gérald a 1942, suka yi musu kaciya bisa ga addininsu. Da suka ga haɗari ya matso, suka ba da yaran ajiya. An kama su a watan Fabrairu na 1944, ba su dawo daga Auschwitz ba. Yaran suka ƙare a hannun Antoinette Brun, shugabar gidan renon yara na birnin Grenoble, wadda ta ɓoye su har yaƙi ya ƙare. Babu mai musun cewa ta ceci ransu.

Tun 1945 gwaggwannin yaran suka fara nemansu, ɗaya daga New Zealand, daga baya wata daga Isra'ila. Brun ta ƙi ba da su. A 1948, tana sane da cewa dangi suna nema, ta sa aka yi musu baftisma. Bisa ga fahimtar limamai da yawa na wancan zamani, yaron da aka yi wa baftisma ya zama na ikkilisiya, ba a kuwa miƙa shi ga waɗanda ba za su rene shi cikin bangaskiyar Kirista ba. Da kotu ta ba dangi gaskiya a 1952, waɗansu sista da limamai suka riƙa sauya wa yaran maɓoya, har a watan Fabrairu na 1953 aka tsallaka da su duwatsu zuwa ƙasar Sifen. Aka kama waɗansu limamai da sista, ƙasar ta rabu biyu a kan maganar. A ƙarshe Kadinal Gerlier, wanda ya hana gwamna yaran Vénissieux, ya daidaita da babban malamin Yahudawa Jacob Kaplan. Germaine Ribière, 'yar Katolika da ta yi aikin ceto a lokacin yaƙi, ta yi ta zirga-zirga zuwa Sifen har aka dawo da yaran a ƙarshen Yuni 1953. Wata guda bayan haka suka tafi Isra'ila tare da gwaggonsu. Shekara takwas ke nan tun da dangi suka fara nema.

Dabarun da aka ɓoye 'ya'yan Finaly da su, wato sabon suna, da makarantar kwana, da tsallaka iyaka a asirce, su ne dabarun da aka ceci yara da su a 1942. Abin da ya sauya shi ne wanda ake ɓoye wa yaran. Dā daga mai kisa ake ɓoye su, yanzu kuwa daga 'yan'uwan mahaifinsu.

Abin da tarihin ya bari

Kashi uku cikin huɗu na Yahudawan Faransa sun tsira, kuma maƙwabta, da malaman makaranta, da limamai, da fastoci suna da hannu a wannan. Amma an daɗe kafin a faɗi sauran gaskiyar. Sai ran 16 ga Yuli 1995 Shugaba Jacques Chirac ya amsa a fili cewa hukumar Faransa ce ta aikata kamun Faris. Ran 30 ga Satumba 1997 bishop-bishop na Katolika suka tsaya a Drancy suka furta tuba saboda shirun da aka yi tun daga 1940, suka kuma amsa cewa koyarwar raina Yahudawa da ta daɗe cikin ikkilisiya ta taimaka wajen kashe lamirin masu bi.

Idan muka jera rabuwar nan uku, kalmar da ta bambanta su ita ce amana. Iyayen da suka je aka rubuta sunansu a 1940 sun amince da hukuma, hukuma ta ci amanarsu. Iyayen Vénissieux sun damƙa 'ya'yansu a hannun baƙi cikin dare, masu karɓa suka riƙe yaran, suka kuma riƙe sunayensu. Iyayen Finaly sun ba da ajiya, mai ajiya ta kiyaye ran yaran, sa'an nan ta ɗauka ceton da ta yi ya mai da su nata. Mai hidima a ikkilisiya zai iya samun kansa a kowane ɗaya daga cikin wuraren nan: yana riƙe da rajistar sunaye, yana da mumbarin da ake saurara ran Lahadi, kuma a lokacin tashin hankali ƙofarsa ce mutane sukan ƙwanƙwasa da yaro a hannu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane bambanci ne ya fito tsakanin wasiƙar da aka aika wa Pétain a asirce da wadda Saliège ya sa aka karanta a coci? Yaushe ne koke a asirce ya isa, yaushe ne kuma yakan zama mafakar mai tsoro?

2. Laval ya kira kwashe yara tausayi. Ta yaya shugaban ikkilisiya zai gane lokacin da ake rufe mugunta da kyakkyawar kalma?

3. Ma'aikatan Vénissieux sun ruɗi hukuma, sun kuma ba yara sunayen ƙarya. Yaya za ka auna wannan a ma'aunin gaskiya da biyayya ga masu mulki?

4. Idan aka ba ikkilisiyarka riƙon yaron da iyayensa ba masu bi ba ne, wane hakki ne yake kanka game da sunansa, da danginsa, da addinin gidansu?